Mijin Da Na Samo Wa Kaka A Waya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma dangina ba za su bar ni ba, da ranar da na tsaya a gaban mutanen coci da na ƙauyenmu, na yaye ƙyalle daga kan hoton wani mutum da kakata ba ta taɓa gani ba, na ce mata ga mijinta.

Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Kaka Ladi, tana zaune a Sabon Gari wurin Gwaggo Rifkatu, yayar babana. Ni kuwa a lokacin ina aji uku a jami'a, muna haya a Samaru ni da ƙawata Jummai. Adabi nake karantawa, ina kuma rubuta waƙoƙi a bayan takardun lakca (ba wanda ya roƙe ni in rubuta su, abin takaicin kuma ba wanda ya hana ni). A gidanmu ni ce 'yar boko. Wayar wani ta ƙi kunnuwa, a kira ni. Za a cike fom, a kira ni. Wannan sunan ne ya kai ni ya baro.

A shekarar ne Gwaggo ta yanke cewa Kaka ta cika tamanin. Ba wanda ya san ranar haihuwarta, ita kanta cewa take yi an haife ta shekarar da gero ya yi kyau. Amma Gwaggo ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, in ta faɗi magana ta zauna. Aka sa ranar godiya, aka fitar da anko, aka ce za a buga kalanda a raba wa baƙi.

Saura sati uku na je gaishe da Kaka. Na same ta a bakin ƙofa tana tsince wake da hannu kawai, ba ta ko kallon faifan.

"Zo nan, 'yar boko," in ji ta. "Miƙo min littafin waƙoƙina a ƙarƙashin matashi."

Daga tsakiyar littafin ta zaro wani hoto da bai fi kwalin ashana ba. Kakana ne, Malam Tanko, wanda ya rasu tun babana yana firamare. An ɗauke shi ne lokacin da ya samu aikin kula da shanu a Shika, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Ya koɗe, ya yi ja, gefe ɗaya ya cinye. Da ƙyar na iya gane hula, da riga, da wata doguwar fuska mai rufaffen baki.

"Idon hagu ya riga ya yi sallama," ta ce. "Likitan Shika ya ce na daman ma yana ɗaure kayansa. Shekara biyu ke nan ina buɗe wannan abu, duhu-duhu kawai nake gani. An ce ku 'yan zamani kuna iya ƙara wa hoto girma. Ki ƙara masa ya kai faifan nan, in gan shi sau ɗaya kafin a rufe shago."

Ku lura da abin da ta ce. A ƙara girma. Iyakar saƙon ke nan, ko yaron goye aka aika zai iya kai shi. Ni ce dai na ga bai kamata 'yar jami'a ta tsaya a nan ba.

A watannin nan akwai wani yayi da ya cika wayoyi. Wata manhaja ce ta fito da ake ɗora mata tsohon hoto, ta wanke shi, ta sa masa kala, har ta sa mamaci ya yi murmushi. Duk inda ka leƙa sai ka ga kakan wani yana washe baki, an ɗora masa kiɗa mai sa kuka, an rubuta a ƙasa cewa an yi kewarsa. Jummai kuwa ita ce gidan rediyon ɗakinmu a kan irin waɗannan abubuwa. Kafin yayi ya iso Zariya ta riga ta yi shi ta gaji. Da na nuna mata hoton da rana bayan mun dawo daga lakca, ko mayafi ba ta cire ba ta karɓe wayata.

"Ke, wa ke kai hoto wurin mai bugawa haka nan a wannan zamani? Kawo ki gani. Sai tsohuwar nan ta yi kukan daɗi."

Kukan daɗin nan ne ya ruɗe ni. Nan take na hango abin a raina: Kaka tana share ƙwalla da bakin zane, mata suna guɗa, ni kuma ina gefe ina sunkuyar da kai irin na mai tawali'u.

Muka ɗauki hoton da waya, muka danna wurin sa kala. Cikin ƙiftawar ido rigar ta zama shuɗiya, idanu suka fito. Sai ga wasu layuka sun bayyana a kumatunsa, uku a dama uku a hagu, daga gefen ido zuwa kusa da baki.

"Wayyo, dubi yadda hoton ya kakkarce," na ce.

"Akwai wurin goge tabo. Danna nan."

Na danna. Layukan suka dusashe, amma ba su tafi ba.

"Ƙara dannawa," in ji Jummai.

Na ƙara. Suka ɓace.

(A nan ne nake so in tsaya in yi wa kaina faɗa. Wane irin karce ne zai sauka a kumatu kaɗai, uku nan uku can, a jere, ya bar hula da riga lafiya lau? Na ma lura sun yi daidai da juna, sai na ce a raina ai ninke hoton aka yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kakana yana da ƙane a ƙauye, Baba Audu, wanda tun ina ƙarama nake hawa cinyarsa ina bin tsagar fuskarsa da yatsa ina ƙirgawa. Uku a dama, uku a hagu. Tsagar gidanmu ce, wadda wanzami ke yi wa jarirai tun kafin mutanenmu su san coci. A kan su babana aka daina. Duk na san wannan. Amma da na gan ta a cikin waya, sai na ɗauka datti ne.)

Tun da hannu ya saba, sai muka ci gaba. Akwai wurin haskaka fuska, muka haskaka. Akwai wurin murmushi, Jummai ta ce ai ranar farin ciki ce, bai kamata ya tsaya ya ɗaure fuska kamar mai jiran hukunci ba. Muka danna, ya buɗe baki da haƙora farare tas, a jere kamar ƙwayar masara. Da muka gama, wanda ke kallonmu daga cikin wayar wani kyakkyawan saurayi ne, fari, sumul, irin waɗanda ake sawa a tallan man shafawa. Na ƙura masa ido har ƙwalla ta taru min. A ranar, kafin la'asar, na rubuta masa waƙa mai baiti takwas.

Washegari na hau keke zuwa Sabon Gari wurin Malam Iliya, mai shagon buga katin biki da kalanda. Na tura masa hoton, na ce ina son babba ɗaya a firam, sannan a sa shi a saman kalanda kusa da na Kaka. Ya ɗaga tabarau ya duba.

"Ɗan fim ne?"

"Kakana ne," na ce, ina jin daɗi.

"Ikon Allah. Ina asalin hoton? Da kin kawo na gani."

"Ba ka buƙatarsa, Malam. An riga an gyara."

Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Gwaggo ma ta nemi in nuna mata. Na ce ba-zata ce. Ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin ba-zatar da ta zo da alheri ba, amma lokacin tana fama da masu dafa shinkafa da telan da ya riƙe ankon mata shida, sai ta ƙyale ni. Babana kuwa cewa ya yi, "Ai aikin na hannun masu ilimi." Allah ya ba ni ƙofa uku in fita, na bi su ɗaya bayan ɗaya na kulle.

Ranar Asabar da hantsi harabar coci ta cika. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, matan zumunta suna buga tulu da kacau-kacau, ƙamshin miya ya hana yara zama. Mutanen ƙauye sun zo mota guda, aka ba dattawansu layin gaba, Baba Audu a tsakiya da sandarsa. Kaka tana kan kujera mai hannu, an ɗaura mata ɗankwali ya fi kanta girma. Firam ɗin yana kan tebur, na lulluɓe shi da farin leshi. Jummai kuma ta ɗaga waya tana watsa komai kai tsaye zuwa guruf ɗin dangi, don 'yan'uwa na Jos da Legas kada a ba su labari. Ni na roƙe ta ta yi hakan. Ni da bakina.

Bayan wa'azi da addu'a aka kira ni. Na karɓi makirfo, na ce kafin in nuna wa Kaka kyautarta, akwai 'yar waƙa da na rubuta wa marigayi. Na gyara murya, na sa ta ta yi rawa kaɗan, yadda na gwada a gaban madubi. Baiti uku na farko suka wuce lafiya, har wata ta ce "Amin" a inda ba a buƙata. Sai na iso na huɗu:

"Kumatunka sumul, kamar ruwan tafki da asuba,
Ko ƙaya ba ta taɓa barin sawu a kansu ba."

Na ga Baba Audu ya ɗaga hannu a hankali ya shafa kuncinsa. Na ga babana ya juya ya dubi Gwaggo. Na ɗauka waƙar ce ta ratsa su.

Da na gama, Gwaggo ta riƙo hannun Kaka ta kawo ta gaban tebur. Na ja leshin. Daga baya, inda matasa suke, aka fara tafi. Daga gaba, inda waɗanda suka san shi suke, ba wanda ya motsa. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu shi kaɗai.

Kaka ta matso, ta karkata kai don idon dama ya samu hanya, ta kai fuska har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ni kuma na miƙa makirfo daidai bakinta, don kada kukan daɗin ya wuce mutanen Legas. Ta daɗe tana dubawa. Sannan muryarta ta fito ta cikin lasifika biyu, tar, har bakin titi:

"Wannan kuma mijin wace ce?"

"Kaka, Baba Tanko ne," na ce ƙasa-ƙasa.

"Wane Tankon?" Ta sa yatsa tana laluben kuncin ta kan gilashi, dama, sannan hagu. "Ina tsagarsa?"

A daidai lokacin ne layukan nan shida suka dawo min, da yatsana yana dannawa, da muryar Jummai tana cewa in ƙara.

"Audu," Kaka ta kira, "taso ka ga yayanka. Ya je sama an goge shi da dutsen guga. Har da haƙora. Haƙorin da bijimi ya fitar masa tun kafin a haifi Rifkatu, ashe a can mayar wa mutum ake yi."

Dariya ta fashe daga wajen matan zumunta, ta bi layi-layi har ta kai masu rabon zoɓo. Wata ta buga tulu sau ɗaya, kamar an kammala waƙa. Baba Audu dai bai yi dariya ba. Ya dogara sanda ya zo, ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ba ɗan gidanmu ba ne," ya ce. "In ya shigo garinmu sai an tambaye shi daga ina."

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya kashe ni shi ne wanda lasifika ba ta ɗauka ba. Kaka ta ture makirfon da bayan hannu, ta ce min a hankali, ba faɗa ba zolaya, "Ba ki kawo min shi ba ke nan, 'yar nan."

Fasto, Allah ya saka masa, ya ɗauko waƙa da ƙarfi, jama'a suka amsa. Gwaggo ta nufi kwalin kalanda ta zauna a kai, da ankonta da komai, ba ta tashi ba har aka watse. Ni kuwa na shige bayan masu wanke kwanuka, na ɗauki soso, na wanke tukwanen da ba wanda ya sa ni.

Kafin keke ya sauke ni a Samaru, an riga an yanko fuskar Kaka daga bidiyon, da ɗankwalinta da karkataccen kanta, an yi sitika, an rubuta a ƙasa: "Mijin wace ce?" Jummai ta rantse ba ita ba ce, wani ɗan Gwaggo ne a Legas. Ko ma wane ne, sitikar ba ta tsaya a dangi ba. Cikin sati ta shiga guruf ɗin ajinmu. Duk wanda ya sa hotonsa da ya sha gyara, sai a jefa masa Kaka. Wata rana ina layin karɓar takarda na ji wata da ban sani ba tana ce wa ƙawarta, "Kin ga tsohuwar nan ta mijin wace ce? An ce jikarta 'yar makarantar nan ce." Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce a raina Allah ya sa ita ma a gyara mata kaka.

Amma kafin sitikar ta kai ajinmu, ranar Litinin da safe, na tsallake lakca na koma wurin Malam Iliya da ɗan hoton nan a cikin ambulan.

"A ƙara masa girma kawai," na ce. "Kada a taɓa komai."

"Zai fito dishi-dishi fa."

"Ya fito."

Ya ɗaga hoton wajen haske, ya dubi kumatun, ya dube ni ta saman tabarau. Sai ya juya ya kama aiki. Da ma zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Da azahar na isa gidan Gwaggo. Kaka tana bakin ƙofa inda na saba samunta. Ban yi waƙa ba, ban lulluɓe komai ba. Na durƙusa na ɗora mata shi a cinya. Ja ne, gefe a cinye, fuskar kamar ana hango ta ta cikin hayaƙin murhu. Ta juya shi wajen rana, ta karkata kai, ta matso da shi. Na ƙirga numfashina har na gaji.

"Yauwa," ta ce. "Ga mummunan nan nawa."

Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Kin ga na ukun a dama ya fi gajarta? Fizge kai ya yi yana jariri, wanzami ya kuskure. Uwarsa ce ta gaya min. Ranar da na fara ganinsa a kasuwa, kafin in san sunansa na san gidansu. Na ce wa ƙawata, ɗan gidan masu taurin kai ne, Allah ya raba mu. Allah bai amsa ba."

Ba ta yi kuka ba. Kallonsa ta yi ta yi, in inuwa ta cim mata sai ta ja kujera ta bi rana. Ni ma na zauna, karo na farko ina kallon kakana. Ya fi wancan kyau nesa ba kusa ba, ko da yake ba za a taɓa sa shi a tallan man shafawa ba.

Ban sha ba duk da haka. Gwaggo ta fito da kwalin kalanda ta dire a gabana, ta ɗora baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, a kai.

"Ba za a zubar ba, ba kuma za a raba baƙo a gidajen mutane ba. Abin da kika goge, ki mayar."

Haka na yi kwana uku ina zuwa bayan lakca ina yi wa kalanda tsaga, uku a dama uku a hagu, Kaka tana gefe tana sa ido da rabin idon da ya rage. "Gajarta na ukun." "Wannan ya karkace, kin mai da shi ɗan wani gari." "Ki baƙanta haƙori ɗaya na sama." Har yau akwai gidaje a Sabon Gari da Dogarawa da ba su sauke kalandar ba duk da shekarar ta wuce, wai don tarihi. A ɗaya daga ciki hannuna ya zarce na yi huɗu. Matar da ta samu wannan takan tuna min duk ranar Lahadi.

Idon daman ya rufe kafin damina ta zagayo. Hoton yana rataye a saitin gadonta, kuma ko baƙo ya shigo takan nuna wajen da hannu daidai, ta ce a gaishe da maigidan.

Kyakkyawan saurayin kuwa, ranar da na gama aikin kalanda Kaka ta sa aka ɗauko shi daga bayan kabad ta miƙo min. "Tafi da mijinki," ta ce. "Ke kika samo shi, ke za ki ciyar da shi." Yana nan a ɗakinmu na Samaru, saman teburin karatu, yana yi min murmushi da haƙoran da ba nasa ba. Duk wadda ta shigo sai ta tambaya ko saurayina ne, Jummai kuma ba ta taɓa barin in amsa da kaina ba.

Abin da na koya bai da yawa. In tsohuwa ta ce a ƙara girma, a ƙara girma. In kuma waya ta nuna min wani abu ta ce tabo ne, sai na fara tambayar wanda ya girme ta kafin in danna.

Kwanan baya Jummai ta shigo da gudu, mayafi a kafaɗa, ta ce an fito da wata sabuwa, wannan har magana take sa mamaci ya yi, kuma tun da Kaka ba ta gani yanzu, ai kunne ya rage. Na karɓi wayar daga hannunta, na kashe, na sa a cikin tukunyar da ba komai a ciki, na rufe. Mutumin da na kasa gane fuskarsa tana gabana, ina ni ina zaɓa masa murya?